Faifan da Ke Cikin Gwangwanin Biskit

Hasumiyar Teku, bakin Kogin Thames
3 ga Oktoba, 1966

Gwaggo Winnie,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da Kawu Horace da kajinki shida. Yaya gwiwar? Ni lafiyata lau yanzu, amma kwana ukun farko ban san inda kaina yake ba. Na ɗauka tunda gini ne ba jirgi ba, zai tsaya wuri ɗaya. Ashe in iska ta taso, har shayin da ke cikin kofi sai ya yi tangaɗi.

Kin ce in ba ki labarin wurin, tunda mijinki shekara ashirin bai ba ki ba. Hasumiyoyi bakwai ne na ƙarfe, kowace a kan ƙafafu huɗu, tsatsa ta ci su har sun yi ja. Siririyar gada ce ta haɗa su, kana tafiya kana hango ruwa ta tsakanin katako. Ɗakin da sojoji suke ajiye harsashi lokacin yaƙin duniya shi muka mai da ɗakin watsa shirin rediyo, mun lulluɓe bangon da barguna don kada kukan teku ya shiga makirfo. Mu biyar ne. Babbanmu Fergus injiniya, mutumin Scotland, wanda ya fi hira da injin wuta a kan mutane. Abinci kuwa waken gwangwani da safe, da rana dankali, da yamma wake ya sake dawowa ya gaishe mu. Ba mu da tarho, gwamnati ma so take ta ga bayanmu, don tasharmu ba ta da lasisi. In ba jirgin Kawu ya zo ran Talata da Juma'a ba, sai dai mu yi ta yi wa duniya magana, ita ba ta amsawa.

Shi Kawu fa? Sai ya zo ya tsaya ƙarƙashin hasumiya, mu zura kwando da igiya, ya cika, mu ja. Ran Juma'a na leƙa na ce, "Kawu, hau mana ka sha shayi!" Ko ɗaga kai bai yi ba, ya ce, "Ja igiyarka." Fergus ya ce shekara biyu ke nan yana kawo musu kaya, bai taɓa taka matakala ɗaya ba. A ƙasan kwandon kuma na tarar da suwaita mai kauri, daidai ni. Na gode, Gwaggo, hannunki da albarka.

Kin riƙe ni mako guda a gidanki alhali rabonki da ni tun ina goye. Ki faɗi abin da kike so in yi miki. An ba ni shirin safe, bakwai zuwa tara, ina karanta katunan gaisuwa ina sa wa mutane zaɓinsu.

Ɗanki,
Neville

*

Whitstable
9 ga Oktoba

Neville, ɗan Arthur,

Takardarka ta iso, na ji daɗi. Muna lafiya, gwiwa da sauƙi. Kaza ɗaya ta daina ƙwai, na ba ta wa'adi zuwa Kirsimeti.

Wai don Allah wane ne Danny Lark? Na kunna akwatin rediyo na ji wani yana magana ta hanci kamar Ba'amurke mai mura. Sai da ya yi tari na ce, kai, wannan tarin gidanmu ne. Ni da ubanka 'ya'yan wa da ƙane ne, tare muka yi ƙyanda, ba za ka ɓace mini ba. Sunan da aka raɗa maka a coci me ya yi maka?

Suwaita kuma ba ni ba ce, ni ko maɓalli na ɗinka sai ya karkace. Kawunka ne. Lokacin yaƙi mako shida-shida suke yi a kan hasumiyoyin ƙarfen nan naku suna harbin jiragen sama, ba ƙasa ba mace ba bishiya, har wasu suka fara zaucewa. Sai manyansu suka ce dole kowa ya koyi aikin hannu, shi ya faɗa wa saƙa. Da ido ya gwada ka ranar da ka zo. Kada ka yi masa godiya, kunya za ta sa ya daina. Ya sauko daga can da rantsuwar ba zai sake hawa ba. Bai faɗi abin da ya gani ba, ni ma ban tambaya ba.

To, ka ce in roƙa, zan roƙa. Ran Asabar 29 ga wata aurenmu zai cika shekara ashirin da biyu. A gidan rawa na Herne Bay muka haɗu, ya samu hutun kwana huɗu. 'Yan badujala suna busa wani kiɗa mai taushi, ya taka mini ƙafa sau uku, kiɗan yana ƙarewa ya ce, "Za ki aure ni ko kuwa?" Iyakar zancen da aka taɓa yi mini ke nan. Na rubuta maka sunan kiɗan a bayan takardar nan.

Na sani, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, miskili na aura ido buɗe. Bai taɓa zagina ba, bai taɓa barina da yunwa ba. Amma shekarata hamsin da ɗaya, Neville, kuma wani lokaci ina kallon ƙeyarsa ina tambayar kaina ko ya tuna yadda aka yi na zo gidan nan. Tasharku kuwa ba ya kashe ta daga safe har dare, har rumfarsa ta bayan gida ya kai ƙaramin akwati, yana tsaki yana cewa hayaniyar banza, amma kowa ya taɓa sai faɗa. Saboda haka zai ji. In ya ɗago kai ya dube ni, ya ishe ni. In kuma ya ci gaba da cin ƙwansa, to na sani, sai in daina tambaya.

Kada ka gaya wa kowa, ko Fergus ɗin naka. Ina dariya ni kaɗai, don Horace ne zai kawo maka takardar nan da hannunsa.

Gwaggonka,
Winnie

*

Hasumiyar Teku
18 ga Oktoba

Gwaggo,

Ina gaishe ku da kyau. Ina fatan kazar ta ji gargaɗi. Ni lafiya, sai ƙiba da wake yake ƙoƙarin sa mini.

Albishirinki! Na bi fayafayanmu ɗaya bayan ɗaya, sun fi dubu, duk kiɗan samari ne, babu naki. Har na fid da rai. Jiya ina neman tsumma a ɗakin shirin, na hau kujera, sai ga wani gwangwanin biskit a can saman kanta, bayan bargo. A kan murfin an rubuta HORACE da jan fenti. Na buɗe, faifai ɗaya ne tak a ciki, naɗe da ƙyallen flanel. Gwaggo, shi ne. Sunan da kika rubuta, harafi da harafi.

Ai wurin nan cike yake da kayan sojoji, kwanoni, takalma, hotuna a bango. Nasa ne ya bari tun lokacin yaƙi, ba shakka. Kin ga mutumin da kike cewa ya manta, ashe har nan ya zo da kiɗanki yana ji. Abin mamaki ko ƙura babu a jikinsa, kamar jiya aka ajiye.

Na mayar da shi inda yake, ban gaya wa kowa ba. Ran Asabar ƙarfe takwas daidai zan sa. Ba zan ce uffan ba sai kiɗan ya ƙare, sannan in karanta gaisuwar, don kada muryar Ba'amurke mai mura ta ɓata miki kallon fuskarsa. Ki tabbata yana zaune.

Naki,
Neville (Danny Lark yana gaisuwa)

*

Whitstable
Asabar, 29 ga Oktoba

Neville,

Ina gaishe ka. Lafiya muke, in lafiyar jiki ake nufi.

Ka cika alkawari, kuma ba laifinka. Na tashi tun shida, na sa rigata mai shuɗin fure, na soya masa ƙwai biyu. Iska tana ta dukan taga tun asuba, shi da bakinsa ya ce yau ko mahaukaci ba zai fita teku ba. Takwas daidai kiɗan ya fara. Na ajiye butar shayi na zuba masa ido.

Ya ɗago kai, amma ba ni ya duba ba, akwatin ya duba. Fuskarsa ta yi fari fat. Ya ajiye cokali, ya tashi, ya zura takalman ruwa, ya ɗauki hula.

Na ce, "Horace, ka gane shi?"

Ya ce, "Na gane."

Na ce, "To ina za ka?"

Ya ce, "Matsa, Winnie, ba ni da lokaci."

Ya fita ko ƙofa bai ja ba. Na kashe akwatin tun kiɗan bai kai rabi ba, na zauna gaban ƙwai biyu na yi kuka kamar yarinya. Na shirya wa mutumin da zai tuna, na shirya wa wanda zai manta. Ban shirya wa wanda zai tuna ya gudu ba. Ni na tambaya, an ba ni amsa.

Ƙarin bayani, ƙarfe biyu na rana. Dorrie maƙwabciyata ta shigo ba ko sallama, ta ce mijinta ya ga jirgin Horace ya fita daga tashar ruwa wajen takwas da kwata, shi kaɗai, ya nufi wajenku. An yi ta ƙwala masa kira bai waiwayo ba. Na kunna akwati in ji ko za ka ce wani abu, sai shuuu, ba kowa. Dorrie ta ce tun wajen goma kuka ɗauke. Me yake faruwa a can? Ban ma san wanda zai kai maka takardar nan ba, mai kaiwar ne ba ya nan.

Winnie

*

Whitstable
Litinin, 31 ga Oktoba

Neville,

Ba ni da gaisuwa yau, ka yi haƙuri.

An tsinci jirgin da safe a laka, wajen tsibirin Sheppey. Gefensa ya fashe, ba kowa a ciki. Hularsa tana rataye inda yake rataye ta. Masu ceto sun fita sau biyu, ruwa ya hana su kusantar hasumiyoyinku. Iskar ba ta faɗi ba, ku kuma har yanzu shiru.

Mista Ottaway na ofishinku ya zo jiya, ya tsaya a ƙofa yana murza hula. Shi ya gaya mini. Tunda ba ku da tarho, an yi yarjejeniya tun farko: in wani ya ji mummunan ciwo a can, ko wuta ta tashi, za a sa faifai ɗaya da ba a sawa ko da wasa, Horace yana ji ya fito, ko ana ruwan duwatsu. Shi ya sa ba ya kashe akwati. Ba a gaya wa sabon ma'aikaci sai ya yi wata uku, don kada maganar ta bazu. Ya ce kiɗan bai ƙare ba aka ji Fergus yana haki a makirfo yana cewa kuskure ne, kada Horace ya fito. Da ban kashe akwatin don fushi ba, da na bi shi da gudu, ko da gwiwar nan, da na same shi yana kwance igiya.

Ya ɗauka kai ne ka ji ciwo, na tabbata. Ni kuwa ina zaune ina kukan ba ya sona.

Garin neman gira na rasa ido, Neville. Mutum yana zaune lafiya yana cin ƙwansa, na ce sai na ga zuciyarsa. Kuma wane marar imani ne ya rasa abin da zai mai da ƙararrawar masifa sai kiɗan aurena? In kana da rai, ka yi magana a akwatin nan. Ko da muryar hancin ce.

Gwaggonka

*

Hasumiyar Teku
Talata, 1 ga Nuwamba

Gwaggo Winnie,

Kawu yana nan, lafiyarsa lau. Na fara da wannan kafin gaisuwa, ko da yake ina fatan kin ji da kunnenki yau da safe. Ina gaishe ki, ina kuma neman gafara da gwiwa biyu a ƙasa. Rashin sani ya fi dare duhu.

Faifan bai yi minti biyu ba Fergus ya faɗo ɗakin, ya ƙetaro gada a guje cikin iskar nan, ya ture ni ya ƙwace makirfo. Abin da ya kira ni bayan nan ba zai rubutu ba. Muka fita muka tsaya muna kallon ruwa muna addu'a kada ya zo. Wajen goma iska ta tsinke wayar eriya, tashar ta mutu. Sha ɗaya saura muka hango shi, jirgin yana ɓacewa yana ɓullowa.

Da ya iso ƙarƙashinmu ya ɗaga kai, karo na farko da na ga ya yi haka, ya yi ihu, "Wa ya ji ciwo? Yaron ne?" Fergus ya ce ba kowa, kuskure ne. Komawa ba ta yiwuwa, ruwa yana neman haɗa jirgin da ƙafar hasumiya. Muka zura masa igiyar kwando. Ya tsaya yana kallonta, Gwaggo, na rantse na ɗauka zai zaɓi ruwa. Sannan ya ɗaura a ƙugu, mu biyar muka ja. Ƙafarsa tana barin jirgin, ruwa ya tafi da shi.

Ya dube ni sama da ƙasa, ya ga ba jini. Ya ce, "Kai ka sa?" Na ce ni ne, kuma ke kika roƙa, saboda ranar aurenku. Na shirya shan mari. Sai ya zauna a kan akwatin dankali, ya ce, "Ita ta roƙa?" Na ce e. Ya ce, "Na ce mata ta matsa."

Kwana biyu bai iya zama ba, don ya san za a tsinci jirgin kafin a ji daga gare mu. Jiya da yamma da iska ta ɗan lafa, shi ya nuna wa Fergus wata matakala ta cikin hasumiyar igwa da ba wanda ya san da ita, shi ya fara hawa, yana da shekara hamsin da shida, suka ɗaura wayar. Yau da safe muka dawo. Na ce ya yi magana da kansa, don in ni na faɗa ba za ki yarda ba. Ya tsaya gaban makirfo kamar an kai shi kotu. Kin dai ji abin da ya ce: "Winnie, Horace ne. Ina sama. Ban mutu ba. Ki rufe ƙofar rumfa, na bar ta a buɗe." Na raɗa masa, "Kawu, ƙara wani abu mana, duk yankunan Kent da Essex suna jin ka." Ya ce, "Shi ya sa."

Saura magana ɗaya. Ran Lahadi da rana na same shi a tsohon ɗakin kwanansu, ya warware wata tsohuwar safa yana sake saƙa ta da waya biyu. Na ce, "Kawu, wa ya zaɓi faifan nan?" Ya ce, "Ni. Ni na je Canterbury na sayo shi." Na ce, duk faifan duniya? Ya ce, "Ottaway ya ce in kawo wanda yaran zamani ba za su nema ba, kuma wanda ba zan taɓa ji in zauna ba." Ya ƙirga idon saƙarsa, sannan ya ce, "Shekara ashirin da biyu, ko daga nesa na jiyo shi sai ƙafata ta miƙe. Da me kuma za a kira ni?" Can ya ƙara da cewa in na gaya miki zai jefa ni ruwa.

Na iya iyo kaɗan. Gobe jirgin masunta zai zo ya ɗauke shi, shi zai kawo miki wannan, kamar kullum bai san abin da ya ɗauko ba.

Ɗanki mai laifi,
Neville

*

Whitstable
6 ga Nuwamba

Neville, ɗan gidanmu,

Gaisuwa mai yawa, da ta ranar da na hana ka. Muna lafiya, mu biyu. Ka gaida Fergus, ka ba shi rabin kek ɗin da ke cikin kwando, rabi kawai. Takarduna biyu da suka iso maka a makare, ka sa su a murhu.

Ina kicin ɗin Dorrie na ji shi, don na kasa zama gidana. Ta ce na yi ƙara har karenta ya shige ƙarƙashin tebur. Na fita da silifa ɗaya na je na rufe ƙofar rumfar, na jingina da ita na yi ta kuka ina dariya. Da gaske a buɗe take.

Ya dawo ran Laraba, ba hula, da gemun kwana huɗu. Ya tsaya a ƙofa ya ce, "Akwai shayi?" Na ce akwai. Ya miƙo mini takardarka, sannan ya zaro gwangwanin biskit daga cikin kwat ya ajiye a tebur, ya ce, "Sai Ottaway ya nemi wani faifan. Wannan ya gama aikin teku." Na karanta takardarka a banɗaki sau uku. Ban nuna masa na sani ba, kai ma ka kama bakinka, ba na son a jefa ɗan Arthur ruwa. Jirgin zai gyaru, in ji masu gyara, kafin nan zai riƙa zuwa muku da na mijin Dorrie.

Jiya Asabar da hantsi yana rumfarsa yana ƙwanƙwasa wani abu. Na aro garmahon Dorrie, na buɗe tagar kicin, na ɗora faifan. Ban ƙirga goma ba sai ga shi a ƙofa, da takalman ruwa, guduma a hannu.

Ya ce, "Wa ya ji ciwo?"

Na ce, "Ba kowa."

Ya ce, "To me aka kira ni?"

Na ce, "Ni na kira."

Ya dube ni. Ni ya duba wannan karon, ba akwati ba. Ya ajiye gudumar a kan tebur, ya zauna ya cire takalman ɗaya bayan ɗaya, ya miƙe da safa ya ba ni hannu.

Har yanzu bai iya ba. Sau uku ya taka ni, daidai wuraren da ya taka a Herne Bay, gwiwar ma ta tashi. Da kiɗan ya ƙare ya ce, "Sake sawa."

Ka riƙa sa suwaitarka in za ka hau gada. Kuma ran Talata in ka leƙo, ka ce masa ya hau ya sha shayi. Ya ce shayinku ruwan wanki ne, amma na ga ya sa kofinsa a jaka.

Ni ce gwaggonka,
Winnie